Ƙoƙon Husaina a Gidan da Ba A Shiga

SHAFI NA 17

Assalamu alaikum masu bibiya. Na ga ƙorafinku, wai jiya na bar ku tsaye a zaure ba ko tabarma. Ku yi haƙuri, ido ne ya gaji, rubutun wayar nan ƙanana ne kamar kiyashi. Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko agwagwar nan mai ƙafa ɗaya tana da wata ma'ana a labarin. Ba ta da ita. A gidan take kawai, ni kuma ba na iya wuce irin wannan abu ban faɗa ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa. Husaina 'yar Ƙofar Mazugal ce. Kuturta ta kama ta tana yarinya, aka kai ta asibitin mishan a bayan gari, can ta girma, can ta zama Kirista. Ta daɗe ita ke riƙe da ɗan cocin ƙauyen kutare, har aka turo Fasto Iliya ya ce mace ba ta hawa bagade, wato gaban coci inda ake tsayawa wa'azi, aka zaunar da ita. Yanzu ciwon ajali ya kama ta, ƙanenta Alhaji Ƙasimu ya ɗauko ta ya dawo da ita gidan ubansu. Abu ɗaya ta roƙa kafin ta tafi: jibin Ubangiji, wato gutsuren burodi da kurɓin jan ruwa da Kirista ke karɓa daga hannun fasto. To ga Fasto ya zo, tare da Rifkatu, shugabar zumuntar matan cocin.

Mu koma zaure.

*

Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ce. Rediyon Alhaji Ƙasimu na kan dakali, ba abin da ke fita sai badujala.

Fasto Iliya ya ɗora babbar riga a kan kayan aikinsa, ya naɗe wuya da ƙyalle don kada a ga farin abin nan na fastoci. A zafin nan. Gumi har ya jiƙa jakar da ya rungume.

"Baba Alhaji, ba zan daɗe ba. In shiga, in ba ta, in fito."

"Ka yi makaranta ai. Ɗaga kai ka karanta."

A saman ƙofar shiga cikin gida an rubuta BA A SHIGA da shuni. Wanda ya fara rubutawa ya juya S ɗin baibai, kuma duk bayan damina in za a sabunta, a baibai ɗin ake bin sa.

"Na gani, Baba. Amma rai ne."

"Likita ma bai shiga ba. Nas mace na nemo. Tun zamanin mahaifinmu baƙon namiji bai tsallake ƙofar nan ba, ba za a fara a kanka ba."

"To a fito da ita nan."

Sai ga muryar Hajiya Luba, matar Alhaji, daga bayan labule.

"A fito da wa? Wadda ko juya ta aka yi sai numfashinta ya ɗauke? In kashe ta kuka zo yi ku faɗa."

Alhaji ya nuna ƙofar waje da haɓa.

"Leƙa."

Fasto ya leƙa. Mutum huɗu ko biyar zaune a gindin dalbejiya, ba mai magana, kowa idonsa a kan zauren.

"Tun da ka shigo lungun nan suke nan. Kai anjima za ka hau babur ka koma Sabon Gari. Ni a nan zan kwana, da mata da jikoki. Da na ɗauko Yaya Husaina, akwai wanda ya daina amsa sallamata a masallaci. Na shanye, don nono ɗaya muka sha. Kada ka nemi abin da ya fi wannan."

Alhaji ya ɗauki carbinsa, ya ajiye, ya sake ɗauka. Da ya ci gaba da magana ba Fasto yake kallo ba, bango yake kallo.

"Amma mace, ko wace iri ce, ƙofata a buɗe take. Mai kitso ta shiga, mai tallan daddawa ta shiga. Ban taɓa cewa wata ta ɗaga mayafinta in ga abin da ta ɗauko ba."

Ya ƙara ƙarar rediyo, ya juya musu baya.

Rifkatu ta gane. Ta matso kusa da Fasto, ta yi ƙasa da murya.

"Ka ji abin da dattijon nan ya ce. Yi addu'a a kai a nan, ka ba ni in kai mata."

"Ba zai yiwu ba, Mama."

"Me ya sa?"

"Kin sani. Wanda aka naɗa ne ke miƙawa. Mace kuwa ba a naɗa ta."

"Wa ya sayo burodin da ke jakarka?"

"Mama..."

"Wa ya dafa zoɓon ya tace? Wa ke wanke ƙoƙon duk Lahadi? Mu ke share cocin, mu ke waƙa, in an yi mutuwa mu ke zama da gawa. In ka ɗaga kai daga bagade ka cire mata, wa za ka yi wa wa'azi, benci? Sai an zo miƙawa ne hannunmu ke da dauɗa?"

"Ban ce dauɗa ba. Tsari ne, kuma ba ni na kafa shi ba. A gaban dattawa na durƙusa na yi alkawari zan kiyaye. In na karya yau don tausayi, gobe da wane baki zan hana wani?"

"Gobe Husaina tana ƙasa."

"Ki shiga ki karanta mata Zabura. Ceto ba a cikin burodi yake ba, ita ma ta sani."

"To shiga ka faɗa mata da bakinka. Af, na manta. Ba a shiga."

Ta ɗaga labule ta wuce.

*

Agwagwar na tsakar gida, tsaye a kan ƙafarta ɗaya kusa da rijiya, kai a karkace kamar tana sauraron wani abu a ƙarƙashin ƙasa.

Ɗakin na warin man zafi da turaren wuta. Hajiya Luba na zaune a gefen katifa, mafici a hannun dama, carbi a hagu. Tun da aka kawo Husaina ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu a cokali.

Husaina ta ƙanƙance har zanin da aka lulluɓa mata ya yi mata yawa. Hannayenta na kan ƙirji. Babu yatsa ko ɗaya, dungu ne guda biyu masu santsi kamar dutsen guga.

"Ilu ya zo?"

A duk cocin ita kaɗai ke ce wa Fasto Iliya Ilu.

"Yana zaure, Uwa," in ji Rifkatu.

"An ba shi ruwa? Yaron nan ba ya jure zafi."

"An hana shi shigowa. Na ce ya ba ni in kawo miki, ya ce mace ba ta miƙawa."

Husaina ta yi wani abu da ya so ya zama dariya, ya koma tari. Luba ta tallabe ta har ya lafa, ta goge mata baki da gefen zaninta.

"Yaya, ki daina wahalar da kanki," in ji Luba. "Kalma ɗaya ce. Ki faɗa, ki tafi wajen iyayenki, Inna da Malam. A gidan nan aka yi miki huɗuba a kunne."

"Luba, Allah ya saka miki. Kin wanke ni ba ki taɓa kau da fuska ba. Amma bar ni da abin da na riƙe."

Luba ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan carbin.

"Rifkatu."

"Na'am, Uwa."

"Je ki ba shi labarin ƙwarya."

Rifkatu ta ja da baya.

"Uwa, mun yi alkawari."

"Waɗanda muka yi wa alkawarin duk sun riga ni. Ba don in kunyata shi ba. Ƙishirwar abin nake ji, Rifkatu. Ki yi sauri."

*

Da ta fito, Fasto na nan inda ta bar shi, jaka a ƙirji.

"Fasto, wa ya yi maka baftisma?"

"Wace irin tambaya ce wannan yanzu?"

"Amsa mini."

"Kowa ya sani. Fastonmu na farko, mutumin Kudu. Ina jariri ya zuba mini ruwa, kafin ya tafi."

"Ya tafi kana ciki."

"Me?"

"Shekarar rikici ya gudu da iyalinsa, ko Littafinsa bai ɗauka ba. Uwarka na da tsohon ciki a lokacin. Aka haife ka babu fasto a ƙauyen, babu a ƙauyukan kusa. Wa zai zo wajen kutare ana yaƙi? Sai ƙyanda ta shigo. Kullum sai an haƙa ɗan ƙaramin rami. Ta kama ka, idonka ya kafe, uwarka ta faɗi a ƙafar Husaina tana cewa kada ɗanta ya tafi ba a zuba masa ruwa ba."

"Mama, ki yi hankali da abin da kike faɗa."

"Ni na riƙe ka. Ina budurwa a lokacin. Husaina ta ɗebo ruwan randa a ƙwarya, ta matse ƙwaryar tsakanin dungunta biyu, rabi ya zube a ƙasa, rabi a kanka. Ta kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ka yi atishawa. Ba kai kaɗai ba ne, duk sa'anninka na ƙauyen hannunta ne. Jibin ma ita ke ba mu, da gurasar Kano, tana gutsurawa da haƙori don ba yatsu."

Alhaji Ƙasimu ya rage rediyo ba tare da ya juyo ba.

"Da aka yi zaman lafiya manya suka zo daga hedikwata," Rifkatu ta ci gaba, "dattawan ƙauye suka ji tsoro kada a ce duk abin da aka yi bai yi ba. Suka ce a ce fasto ne ya yi kafin ya tafi. Suka sa muka yi alkawari."

Fasto ya kai hannu ya taɓa tsakiyar kansa. Bai san ya yi ba.

"Uwata ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ita ma ta yi alkawarin."

"Ƙarya ne."

"Na yi maka ƙarya tun da ka san ni?"

Fasto ya ƙara ƙanƙame jakar.

"To zaɓi ɗaya, Fasto. In hannun mace ba ya yi, ba a yi maka baftisma ba. Wanda ba a yi wa baftisma ba, naɗinsa ba naɗi ba ne. Ke nan abin da ke jakarka burodin shayi ne da zoɓo, ba ni in kai wa mara lafiya ta jiƙa maƙoshi. In kuwa hannun mace yana yi, ga nawa."

Ta shimfiɗa tafinta.

Fasto ya dubi tafin nata. Ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da babbar rigarsa.

"Ranar da na ce ta sauko daga bagade, a gaban jama'a... tana sane?"

"Ina za ta manta?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ta ce. Da muka fito ta ce, Ilu ya iya wa'azi, muryarsa na kaiwa har benci na baya. A can ta koma zama, ka ga ta san yadda ake ji."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ya daɗe a haka. A rediyo aka fara harba bindigogin girmamawa, ɗaya bayan ɗaya, mai labari na cewa yau ƙasa ta shiga sabuwar rana. Wani ƙadangare ya sauko daga azara ya tsaya daidai kan S ɗin nan na baibai, yana ɗaga kai duk lokacin da bindiga ta tashi.

"Fasto, lokaci," in ji Rifkatu.

"Bari in yi tunani."

"Ba ta da lokacin tunaninka."

"Za su karɓe mini aiki. Wannan ba komai. Amma in na yi kuskure a gaban Allah fa? In na ba ta abin da ba..."

A nan Alhaji Ƙasimu ya juyo.

"Yaro. Ban san addininku ba, ba kuma na son in sani. In da ta ni ne, da kalmar shahada Yayata za ta tafi, kullum shi nake roƙo. Amma na zauna a kan masu tafiya da yawa, na san numfashinsu. Wanda na ji da safe ba ya kai magariba. Abin da za ka yi, yi. In ba za ka yi ba, tashi ka ba ni wuri."

Fasto ya buɗe jaka.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan cinyarsa. Ya fito da ɗan ƙoƙon azurfa wanda bai wuce rabin ƙwai ba, da kwalbar magani da aka wanke aka cika da zoɓo, da yankan burodi. Ya buɗe littafin addu'a ya fara daga farko.

"Gajarta," in ji Rifkatu.

"In za a yi, a yi shi daidai."

"Fasto!"

"Shi kaɗai ya rage mini, Mama. Bar ni in yi mata cikakke."

Ya karanta duka. Bai tsallake layi ko ɗaya ba. Inda muryarsa ta karye ya koma ya maimaita. Alhaji ya toshe kunnensa na dama da yatsa yana jan carbi da ɗaya hannun, leɓensa na motsi da nasa karatun.

Daga ƙarshe Fasto ya gutsura burodin, ya tsiyaya zoɓon. Ya ɗaga su. Hannunsa ya tsaya a sama, tsakaninsa da tafin Rifkatu bai fi taƙi ɗaya ba.

"Ki ce mata, jikinsa ne, saboda ke. Ki ce, jininsa ne. Ki ce... ki ce Ilu ne ya aiko."

Ya ajiye mata a hannu.

Rifkatu ta ja mayafi ta rufe. Ta bi ta gaban Alhaji, ya kau da kai kamar yadda ya ce.

*

Ba ta iya gudu ba, ƙoƙon ya cika. Ta riƙa ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tafiya a kan gansakuka. Ladanin unguwa ya fara kiran la'asar. Agwagwar ba ta kusa da rijiya, ta koma ƙofar ɗakin ta kwanta.

Kafin Rifkatu ta kai, labulen ɗakin ya ɗaga. Hajiya Luba ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Babu mafici a hannunta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Hajiya, matsa in wuce."

"Yaya ta cika."

"Matsa, na kawo mata."

"Na ce ta cika. Ni na rufe mata ido."

Rifkatu ta leƙa ta saman kafaɗarta. An ja zanin har ya rufe fuska. Dungu ɗaya ya zamo daga ƙirji yana taɓa ƙasa.

Luba ta ɗaga murya yadda za ta kai zaure, tana kuka.

"Alhaji! Alhaji, Yaya ta cika! Kuma da kalma ta cika! Na laƙana mata ta amsa!"

"Kin ji da kunnenki?" in ji Rifkatu.

"Leɓenta ya motsa."

"Ya motsa da me? Tun safe leɓenta ke motsi. Kin san sunan wa take kira, ba kalmarku ba ce!"

"Na faɗa, ta bi. A gabana."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ɗazu a gabanki ta ce ki bar ta da abin da ta riƙe."

Luba ta goge ido ta dube ta. Babu faɗa a muryarta.

"Ni ce a kanta. Ta yi ta kallon ƙofa, ta yi ta kallon ƙofa, ba wanda ya shigo. Ku kuna zaure kuna gardama."

Hannun Rifkatu ya saki. Ƙoƙon ya kife a cikin mayafi, jan ruwan ya ratso farin yadin ya gangaro mata har gwiwar hannu. Burodin ya faɗi ƙasa. Agwagwar ta miƙa wuya.

A zaure Alhaji Ƙasimu ya kashe rediyo. Ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, ta dawo gida. Ya miƙe, ya fita ƙofar waje, ya yi wa mutanen gindin dalbejiya magana.

"Yayata ta rasu, kuma ta cika da imani. A faɗa wa liman. A je a fara haƙa, kafin magariba za mu kai ta."

Mutanen suka tashi gaba ɗaya. Waɗanda ke hanyar masallaci suka juyo. Wanda ya daina amsa sallamar Alhaji shi ya fara riƙe hannunsa.

Daga cikin gida muryar Rifkatu ta tsaga komai.

"Fasto! Ba ta faɗa ba! Za su ɗauke ta! Ilu!"

Fasto Iliya na zaune a turɓaya da farin ƙyalle a cinya da kwalbar da ta rage rabi. Ya dubi ƙofar waje, inda lungu ke cika da mutane. Ya dubi rubutun shunin.

Ya miƙe. Ya cire babbar rigar ya yar. Ya warware ƙyallen wuyansa, farin abin nan ya fito fili.

Ya ɗaga labulen. Ƙafarsa ta dama ta tsallake dokin ƙofa.

Daidai nan Alhaji ya dawo cikin zauren, maza cike a bayansa. Wani daga cikinsu ya miƙa hannu ta saman kafaɗarsa.

"Alhaji, wancan ina za shi?"